Ɗalibina ya gyara mini amsa, na sa shi durƙuso a rana

Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar sakandare da ke cikin birnin Kano. Asalin abin da na karanta kemistiri ne, amma saboda ƙarancin malamai aka haɗa mini da fiziks na 'yan aji biyar. Makonni uku da suka wuce ina koyar da yadda ƙwayar zarra take, sai wani yaro ya tambaye ni abin da zai faru da za a juya cajin da ke cikinta, fositif ya koma negatif, negatif ya koma fositif. Ban taɓa tunanin abin ba, amma na ce masa komai zai tarwatse nan take. Washegari ya zo ya ce ya duba a wayar yayansa, an ce babu abin da zai canza, kuma wai abin yana da suna, antimata. 'Yan aji suka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, na ce rashin kunya yake yi mini, na sa shi durƙuso a rana har aka kaɗa ƙararrawa. Tun daga ranar ya koma bencin baya, bai ƙara ɗaga hannu ba, alhali shi ne ya fi kowa tambaya. Abin yana hana ni barci. Ina tsoron idan na ba shi haƙuri yara su raina ni, kuma har yanzu ban san wanda ya yi daidai tsakanina da shi ba.

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bencin bayan nan, domin duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san yaro mai tambaya shi ne gishirin aji, ya kuma san irin shirun da yake sauka idan wannan yaro ya kama bakinsa. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, saboda ba na so ka koma gaban yaran da ban haƙuri kaɗai, hannunka babu darasin da aka nema a wurinka. Amma in gaya maka tun yanzu, hukuncin da ka yi masa kuskure ne ko da amsarka ce daidai gaba ɗaya, kuma na ga alama zuciyarka ta riga ni faɗa maka haka.

Tambayar yaron ɗaya ce a baki, amma uku ce a ciki, kai ka amsa wata, wayar yayansa ta amsa wata. Komai ya danganta da abin da aka juya da kuma abin da aka bari.

Sunayen nan biyu, fositif da negatif, ba a jikin ƙwayoyin aka same su a rubuce ba. Benjamin Franklin, mutumin Amurka, shi ne a wajajen 1747 ya laƙaba wa cajin da gilashi yake ɗauka idan an goge shi sunan fositif, ɗayan kuma negatif, shekara 150 kafin J. J. Thomson ya gano ilektaron, ƙwayar nan mai caji negatif da take zagaye cibiyar zarra, a Ingila a 1897. Dokar da Bafaranshen nan Charles Coulomb ya fitar a 1785, wadda take cikin manhajar da kake koyarwa, ba ruwanta da suna: idan cajin biyu iri ɗaya ne su ture juna, idan sun saɓa su jawo juna, kuma a lissafinta ninka su ake yi, fositif sau negatif kuwa daidai yake da negatif sau fositif. Ka je wurin mai gyaran rediyo na unguwarku ka roƙi maganaɗisu biyu, irin masu zagayen nan da ake cirowa daga tsohuwar lasifika. Ka haɗa su ta fuskar da suke mannewa. Ka kifa ɗaya ka bar ɗaya, za ka ji suna ƙin juna a tafin hannunka, suna zamewa gefe komai ƙarfin da ka sa. Sannan ka kifa na biyun shi ma, za su sake mannewa da ƙara kamar ba a taɓa su ba. Maganaɗisu ba caji ba ne, ya kamata ka faɗa wa yaran haka, amma hikimar ɗaya ce, kuma yaron da ya ji ta a hannunsa ba zai manta ba.

Da za a juya cajin ilektaron kaɗai a bar furoton, wato ƙwaya mai caji fositif da ke cibiyar zarra, yadda yake, to maganarka ce ta tabbata. Cibiyar zarra da abin da yake zagaye ta duk sun zama fositif, babu sauran abin da zai riƙe wani, kuma ƙarfin lantarkin da ke tsakanin furoton da ilektaron ya ninka ƙarfin jan nauyi da ke tsakaninsu da adadin da sai an jera sifili 39 a bayan lamba kafin a rubuta shi. Allo da benci da bango da mu kanmu, babu abin da zai ɗauki ƙiftawar ido bai watse ba.

Amma yaron ya ce a juya duka biyun, kuma idan aka juya duka a ko'ina a lokaci guda, to shi ne mai gaskiya. A nan ɗalibai suke yawan ruɗewa, suna zaton furoton ne zai fito waje ya riƙa zagaye, ilektaron ya shiga tsakiya. Ba haka ba ne, domin nauyi bai canza ba: furoton ya ninka ilektaron nauyi kimanin sau 1,836, saboda haka mai nauyin yana nan a tsakiya, sai dai ya zama negatif, mara nauyin kuma yana nan a waje, ya zama fositif. Kai da ka karanta kemistiri ka fi kowa sanin abin da hakan yake nufi. Gishirin da muke zubawa a miya ya samu ne saboda sodiyam ya miƙa wa kulorin ilektaron guda, suka sami cajin da ya saɓa, suka manne. A duniyar da aka juya, kishiyar sodiyam za ta miƙa wa kishiyar kulorin ƙwaya guda mai caji fositif, su manne da ƙarfi iri ɗaya, a tazara iri ɗaya, gishirin ya fito fari, ya narke a kishiyar ruwa kamar yadda namu yake narkewa a namu. Wannan shi ne abin da yaron ya kira antimata, wanda za mu iya kira kishiyar abu, da ma'anar da muke nufi idan muka ce fari kishiyar baƙi ne.

Kuma wannan ba tatsuniya ba ce. A 1928 Paul Dirac, wani matashi ɗan shekara 25 a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya rubuta lissafin da yake bayyana halayen ilektaron idan yana gudu kusa da saurin haske, sai lissafin ya ba shi amsa biyu, kamar yadda 2 da -2 duk suke ba da 4 idan an ninka kowannensu da kansa. Bai jefar da amsa ta biyun ba, ko da yake ta dame shi, har ya fara zaton furoton take nufi kafin wasu masana su nuna cewa nauyin bai dace ba. A 1931 ya fito fili ya ce dole akwai wata ƙwaya mai nauyin ilektaron amma mai caji fositif. Ina so ka lura da wannan, Malam: mutumin da ya buɗe wannan fanni da kansa ya yi kuskuren fassara lissafinsa, aka gyara masa, ya karɓa.

A watan Agusta na 1932 Carl Anderson yana Kalifoniya yana ɗaukar hotunan ƙwayoyin da suke faɗowa daga sararin samaniya. Yana da wani akwati mai cike da tururi, wanda duk ƙwaya mai cajin da ta ratsa shi take barin siririn layi, kamar sawun maciji a kan yashi, ga kuma maganaɗisu mai ƙarfi da yake lanƙwasa tafiyarta, negatif ta yi wannan gefe, fositif ta yi wancan. Matsalarsa ita ce hoto ba ya nuna ko ƙwayar daga sama ta zo ko daga ƙasa, sai ya gitta farantin dalma mai kaurin milimita 6 a tsakiyar akwatin, domin duk ƙwayar da ta huda shi gudunta zai ragu, lanƙwasarta ta ƙaru, a gane inda ta fito. Da wannan dabara ya ga sawun wata ƙwaya mara nauyi kamar ilektaron, amma ta lanƙwasa ta gefen masu caji fositif. Ita ce ake kira fositaron, kuma a kanta aka ba shi kyautar Nobel a 1936. Kishiyar furoton sai a 1955 Emilio Segrè da Owen Chamberlain da abokan aikinsu suka samar da ita a Berkeley ta Amurka. Haɗa biyun su zama cikakkiyar zarra ya ɗauki wasu shekaru 40: a 1995 cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Jeniba ta samar da kishiyar haidurojin guda 9, a 2010 aka iya tsare guda 38 a cikin tarkon maganaɗisu na ɗan abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, a 2011 kuma aka riƙe wasu har daƙiƙa 1,000, wato sama da minti 16. Da aka haska su aka auna, sai aka ga hasken da suke sha daidai yake da na haidurojin ɗinmu iya inda awon ya kai, kuma a 2023 aka sake su aka ga ƙasa suke faɗowa kamar kowane abu.

Dalilin da ya sa ake shan wannan wahala ta tarko shi ne tambaya ta uku, wadda a cikinta amsarka ta sake samun gurbi. Idan aka juya wani ɓangare aka bar saura, misali allin da ke hannunka ya zama kishiya amma hannun da iskar ajin suna nan yadda suke, to duk inda ƙwaya ta haɗu da kishiyarta su biyun ɓacewa suke yi, nauyinsu ya koma makamashi. Ilektaron da fositaron idan sun haɗu yawanci haske biyu ne masu ƙarfi, irin wanda ake kira gama, suke fita, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma. Giram ɗaya na kishiyar abu, wanda bai kai nauyin dunƙulen magi ba, idan ya haɗu da giram ɗaya na abu zai ba da makamashin da ya kai kusan ninki uku na bam ɗin da aka jefa a Hiroshima a 1945. Yara za su zaro ido idan ka faɗi haka, saboda haka ka biyo da abin da zai kwantar musu da hankali, wanda shi ma gaskiya ne: duk abin da 'yan Adam suka taɓa samarwa a ɗakunan bincike, in an tara shi, bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba, kuma wutar da ake kashewa wajen samar da shi ta ninka wadda yake bayarwa nesa ba kusa ba.

Ƙananan ƙwayoyin kishiyar abu kuwa muna tare da su kullum. Ayabar da kake saya a 'Yan Lemo tana ɗauke da fotasiyam, ɗan kaɗan daga cikinsa irin wanda ake kira fotasiyam-40 ne, kuma saboda shi ayaba guda takan saki fositaron kusan sau ɗaya a kowane minti 75. Jikinmu ma yana yin haka, ba tare da wata illa ba. A asibiti akwai na'urar hoto da ake kira PET, wadda ake yi wa mara lafiya allurar wani nau'in sukari da aka manna wa fulorin-18, wani sinadari mai sakin fositaron, wanda rabinsa yake ƙarewa a cikin minti 110. Ƙwayoyin ciwon daji sun fi sauran jiki cin sukari, sai ya taru a wurinsu, fositaron ya fita ya haɗu da ilektaron, hasken nan biyu su fita ta fuskoki masu saɓani, na'urar ta kama su ta ja layi ta nuna wa likita inda cutar take. A ajinka za a sami wanda zai zama likita, kuma wannan ɓangaren nasa ne.

Akwai kuma inda amsar wayar ta gaza, kuma ya dace yaron ya ji shi daga bakinka, ba don ka rama ba, sai don ya san karatu ya wuce layi biyu a waya. Kishiyar abu ba juya caji kaɗai ba ne. Niyutaron, ƙwayar da take zaune tare da furoton a cibiyar zarra, ba shi da caji ko kaɗan, amma yana da kishiya, wadda aka gano a 1956, kuma idan sun haɗu suna halaka juna, domin a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi uku da ake kira kwak, masu cajin da ya soke juna, kowannensu kuma yana da tasa kishiyar. Sannan cewa babu abin da zai canza gaskiya ne a lantarki da kemistiri da haske, amma ba a komai ba. A 1964 James Cronin da Val Fitch, a ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka, sun nuna cewa a rushewar wasu ƙwayoyi da ake kira kayon akwai ɗan bambanci, kimanin 2 cikin 1,000, da yake nuna halitta ba ta ɗauki abu da kishiyarsa daidai wa daida ba. Bambancin yana da muhimmanci, saboda a lissafin masana ya kamata a ce an sami abu da kishiyarsa kusan kai ɗaya a farkon samuwar sararin samaniya, su cinye juna, haske kaɗai ya rage. Abin da aka ƙiyasta shi ne rarar ƙwaya ɗaya a cikin kowace biliyan ce ta tsira, daga ita taurari da ƙasa da mu muka samu. Bambancin da aka auna zuwa yanzu ya yi kaɗan ƙwarai ya bayyana wannan rara, kuma masana suna nan suna nema. Ka ga yaron da ka sa durƙuso ya taɓo bakin tambayar da manyan ɗakunan bincike na duniya ba su gama amsawa ba.

Yanzu sai batun raini. Na fahimci tsoronka, domin malamin da aka ɗora wa darasin da ba nasa ba kullum a ɗarare yake shiga aji, yana jin kamar za a gano shi, kuma dariyar yara arba'in ko hamsin a lokaci guda tana da zafi. Amma ka tuna yaran nan sun riga sun ga abin da ya faru, sun kuma yanke hukunci a zukatansu tun ranar; shirunka ba ya ɓoye musu komai, sai dai yana koya musu cewa wanda ya je ya bincika ya dawo da amsa rana ce sakamakonsa. Mu nan ƙasar a mazhabar Imamu Malik muka tashi, kuma an ruwaito cewa an taɓa yi masa tambayoyi 48 ya ce bai sani ba a 32 daga cikinsu, bai kuwa ragu da komai ba a idon almajiransa. Kuskurenka na farko ƙarami ne, shi ne amsawa da sauri maimakon ka ce a ba ka zuwa gobe. Na biyun ne mai nauyi, domin haƙƙin wani ne ya shiga ciki.

Shawarata ita ce ka fara kiran yaron shi kaɗai, lokacin tara ko bayan an tashi, a inda abokansa ba sa kallo. Kada ka tsawaita, kuma kada ka haɗa ban haƙurin da wani "amma kai ma". Ka ce masa ka zalunce shi, abin da ya yi na zuwa ya bincika shi ne abin da kake so kowane ɗalibi ya yi, kuma kana roƙonsa ya yafe maka. Mai yiwuwa ya sunkuyar da kai ya ce ba komai, Malam, domin haka aka tarbiyyantar da 'ya'yanmu, kada ka ɗauki wannan a matsayin an gama. Ka gaya masa za ka maimaita maganar a gaban aji, ka nemi yardarsa, tunda a gabansu aka kunyata shi, a gabansu ya kamata a wanke shi. Idan a ganinka yanayin maganarsa a ranar akwai ɗan zaƙewa, wannan gyara ne na wata rana daban.

Ranar darasin ka shiga da maganaɗisun nan biyu a aljihu. Ka faɗi maganar hukuncin a jimla biyu ko uku, a tsaye, da muryar da ka saba koyarwa da ita, sannan ka rubuta tambayarsa a saman allo ka raba ta uku, ka nuna inda ka yi daidai, inda ya yi daidai, da inda ku biyun ba ku kai ba. Ka miƙa masa maganaɗisun shi ya fara kifawa, su zagaya benci-benci. Daga nan ka kafa ƙa'ida cewa duk tambayar da ba ka da amsarta a take za a rubuta ta a gefen allo, kai da su ku je ku nemo, a dawo da ita ranar da aka sa. Don kanka kuma, tunda fiziks ɗin nan ya zama naka ko kana so ko ba ka so, ka nemi wani malamin fannin a makaranta maƙwabciya, ko wani da ya karanta shi a Jami'ar Bayero, ku riƙa zama ko sau ɗaya a mako kana bin manhajar kafin ka shiga aji, kuma ka sanar da shugaban makarantarku a rubuce cewa kana buƙatar littattafan darasin.

Yaron ba lallai ya sake jiki da kai a mako na farko ba, makonni uku na shiru ba sa warwarewa a darasi guda, saboda haka ka riƙa jefa masa tambaya jefi-jefi kamar kowa, ba tare da ka mayar da shi abin kallo ba. Wurin zamansa na gaba kuwa, kada ka umarce shi ya dawo. Ka dai tabbata babu wanda ya gaje shi har ranar da zai taso da kansa.